Kimiyya a Tsakar Gida: Kafin Ku Kafa Madubin Nan, Ku Tambayi Bango

 

Wannan makon wani abu da ya faru a danginmu ne ya zaɓar mana abin da za mu tattauna, kuma da ɗan kunya za mu ba da labarin, domin da hannunmu a ciki. A bara aka yi bikin wata 'yar uwarmu. Ranar jere mata suka cika ɗakin amarya, wannan na shimfiɗa kafet, waccan na jera kwanuka, har aka zo kan madubi. Ƙato ne, mai firam ɗin katako, tsayinsa ya kai kafaɗar babban mutum. Gwaggonmu ta leƙo waje ta gan mu zaune a inuwa, ta ce, "Ku taso mana, ku 'yan boko, ku zo ku kafa mana wannan." Muka ce, "To, Gwaggo." Aka samo ƙusar kankare ɗaya mai inci 4, aka aro guduma a maƙwabta, muka buga, muka rataya, muka ja baya muka duba. Kowa ya ce ya yi kyau. Har guɗa aka yi mana.

Bayan sati uku, da tsakar dare, ba tare da kowa ya taɓa shi ba, madubin ya faɗo. Ya tarwatse a kan tayil, daidai inda wata yarinya 'yar shekara 3 a gidan take zama da rana tana wasa da hotonta a ciki. Allah ya taƙaita, dare ne. Da safe da muka je, sai muka tarar da ƙusar a ƙasa, miƙe sambal, ba ta karye ba, ba ta ko lanƙwashe ba. A bango kuwa ga rami kamar tafin hannun yaro, yashi yana ta zubowa daga ciki. Masu jaje suka ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Muka yi shiru, don mun san ƙusar ba ta gaza ba. Bangon ne ya sake ta, mu kuwa ba mu taɓa tambayar ko zai iya riƙewa ba.

Tunda a gidaje da yawa ku ake kira idan irin wannan aiki ya taso, bari mu bi shi daga tushe.

Abu na farko da bai zo mana a rai ba ranar nan shi ne nauyin madubin. Ido yana raina gilashi saboda sirantakarsa, alhali kuwa nauyinsa ya ninka na ruwa sau biyu da rabi. Masu sana'ar gilashi suna da wani lissafi mai sauƙi: kowace murabba'in mita ɗaya, a kowane milimita ɗaya na kauri, kilo 2.5 ne. Madubin amaryarmu tsayinsa santimita 150, faɗinsa 60, kaurinsa milimita 5. Wato 1.5 sau 0.6, murabba'in mita 0.9 ke nan. A ninka da 5, a sake ninkawa da 2.5, za a sami kilo 11.25. Wannan gilashin kaɗai. Idan aka haɗa da firam da falankin da ke bayansa, mun ƙiyasta ya doshi kilo 18. Ku tuna jakar fiya wata mai ƙulli 20 kilo 10 ce. Kusan jaka biyu ke nan muka rataya a ƙusa ɗaya, sannan muka ce ta riƙe dare da rana, shekara da shekaru. 'Yan ajin kimiyya sun san cewa ƙasa tana jan kowane kilo ɗaya da ƙarfin da ya kai kusan Newton 10, to Newton 180 ne ke jan wannan ƙusa ba hutu.

Idan akwai sikelin auna mutum a gida ko a wani kemis da ke kusa, ba sai an yi ƙiyasi ba. Mutum ya hau shi kaɗai, sannan ya hau rungume da madubin, a debe na farko daga na biyu.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Da a ce nauyin ƙasa kawai yake jan ƙusar, da sauƙi, domin ƙarfe yana da juriya ƙwarai idan ana danna shi ta gefe. Matsalar ita ce madubi ba ya rataye a jikin bango ƙyam. Igiyarsa tana zaune ne a kan ƙusa, ɗan nesa da bango, kuma samansa yakan rinjayo gaba. Saboda haka ƙusar ta zama kamar ƙarfen da ake ɓanɓare murfin gwangwani da shi: kanta yana yin ƙasa, bakin ramin yana murƙushewa, tsininta na ciki yana tura bulo sama. A darasin fiziks an koya muku cewa ƙarfin juyawa shi ne ƙarfi sau nisa. Ƙusar da ta fito waje da santimita 4 tana wahalar da bakin ramin ninki biyu na wadda ta fito da santimita 2, ko da kaya ɗaya suka ɗauka. Duk lokacin da aka buga ƙofa, ko babbar mota ta wuce, ko aka goge madubin da tsumma, ƙusar takan motsa kaɗan, 'yan ƙwayoyin yashi su zube, ramin ya ƙara faɗi. Sati uku ya ɗauka a gidan amaryarmu. A wani gidan sai ya kai shekara biyu, kowa ya manta.

Yanzu sai bangon kansa. Yawancin gidajenmu na birni da bulon siminti aka gina su, mai inci 6 ko mai inci 9, kuma duk wanda ya taɓa wucewa ta gidan bulo ya san cikinsa rami ne. Fatar da ke tsakanin ɗaki da wannan ramin ba ta da wani kauri, inci ɗaya ne zuwa biyu. A kanta kuma akwai filasta, wanda ado ne da kariya, ba ya ɗaukar kaya. Ƙusar kankare idan aka buga ta da ƙarfi takan farfasa abin da ke kewaye da ita, ta faso cikin ramin, tsininta ya tsaya a iska. Kuna ganin inci 3 sun shige bango, amma abin da ke riƙe da ita bai taka kara ya karya ba. Ga kuma abin da kowa ya sani: ba kowane mai buga bulo ne yake sa siminti yadda ya kamata ba. Wani bulon da farce ma sai ka kankare shi.

Tambayar bango ba ta da wuya. Ku ƙwanƙwasa shi da bayan sukundireba, kuna matsawa gefe kaɗan-kaɗan. Inda ya yi ƙara kamar ganga, rami ne a baya, ko kuma filastan ya rabu da bulo. Inda ƙarar ta mutu, ta yi tauri, kun zo kan ginshiƙin da ke tsakiyar bulon, ko gefensa, ko kankaren da aka zuba. Nan ake so. Idan aka fara hudawa kuma, ƙurar da ke fitowa tana ba da labari. Mai laushi kamar gari, launin toka, alamar siminti ne sosai. Ja, jan bulo ne, kuma yana riƙo da kyau. Idan kuwa tsabar yashi ce ke zubowa kamar ana zazzage buhu, to ku tsaya, wannan wurin ba zai riƙe kaya mai nauyi ba.

Abin da ya dace da bangon bulo shi ne sukuru da 'yar robar nan da ake cusawa a rami, wadda masu shagon kayan gini ke kira fisha. Sunan mutum ne. Artur Fischer, wani Bajamushe, shi ya ƙirƙiro irin wannan ta roba a 1958. Kafin shi, wani injiniya a Landan mai suna John Joseph Rawlings ya nemi rajistar tasa dabarar a 1911, wadda da zaren rama aka yi ta. Hikimar ɗaya ce. Ƙusa tana shiga ne da ƙarfin tsiya, tana lalata wurin da za ta zauna. Ita kuwa fisha, sai an huda mata rami mai tsabta daidai jikinta, sannan idan sukuru ya shiga cikinta sai ta buɗe, ta matse bangon ramin ta ko'ina. Gogayyar da ke tsakanin robar da bulo ita ke hana ta fitowa. Ga madubi irin na amaryarmu, fisha mai milimita 8 ta isa, a huda da baki mai milimita 8, ba 10 ba, a sa sukuru mai kaurin milimita 5 wanda tsawonsa zai ratsa robar har ƙarshenta. A busa ƙurar ramin ta fita kafin a cusa, a kuma tura robar ta wuce filasta ta shiga cikin bulo sosai. Idan ana ɗaure sukuru aka ji yana ta juyawa ba ya yin tauri, ramin ya yi yawa ko bulon ya ruɓe. Kada a ce "ai zai riƙe". A sake wuri.

Mun san abin da ake yi a irin wannan hali, don mu ma mun yi: a cusa tsinken tsintsiya ko ashana, ko a fiƙe guntun katako a buga a ramin. Ga kalanda ko agogon bango, babu laifi. Ga kilo 18 na gilashi, a'a. Itace yana shan danshi ya kumbura da damina, idan hunturu ya zo ya bushe ya tsuke. Katakon da ya matse tam a watan Agusta, zuwa Janairu sai ka zare shi da yatsa biyu. Haka nan gam da salatif mai manne ta fuska biyu: fenti suke riƙewa, ba bango ba, kuma zafin Maris da Afrilu yana sassauta su.

Sannan a daina dogara da wuri ɗaya. Sukuru biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu, kowanne ya shiga zoben ƙarfen da ke bayan firam kai tsaye. Nauyi ya rabu biyu, madubi ba zai riƙa karkacewa ba, kuma idan ɗaya ya fara saki za a gani kafin a yi asara.

A nan ne za mu ɗan daɗe, domin akwai wani kuskure da masu son tsabtar aiki suka fi faɗawa. Madubai da yawa suna zuwa da waya ko igiya a baya, daga wannan gefe zuwa wancan. Mutum sai ya ga idan ya ja wayar ta miƙe tsaf, ba za ta leƙo ta sama ba, kuma a ganinsa ta fi ƙarfi. Lissafi ya ce akasin haka ne. Wayar tana da ɓangare biyu, hagu da dama, kuma kowanne yana ja ne a karkace. Kashin jan da ya nufi sama shi kaɗai ke ɗaukar madubi, sauran yana jan gefunan firam ne zuwa ciki. Idan nauyin madubi W ne, kusurwar da wayar ta yi da layin kwance kuma θ, to jan da ke cikin wayar shi ne W a raba da 2 sin θ. Ku ɗauko teburin lissafinku ku gwada. A digiri 30, sin ɗinsa 0.5 ne, jan da ke cikin waya daidai yake da nauyin madubin, Newton 180. A digiri 10 ya haura Newton 500. A digiri 5 ya wuce 1,000, wato kamar an rataya buhun siminti biyu a wayar da kuma 'yan ƙananan sukurorin da suka riƙe ta a firam. Madubi bai ƙara nauyi ko na giram ɗaya ba, miƙewar waya ce kawai ta jawo haka. Shi ya sa igiyar shanya da aka ɗaure tamau take tsinkewa ko ta tumɓuke ƙusa idan aka ɗora mata jiƙaƙƙen bargo, mai ɗan sako-sako kuwa ta riƙe. A ra'ayinmu, duk madubin da ya wuce kilo 10 a cire masa waya gaba ɗaya.

Ku juya madubin ku duba bayansa da kyau. Sau da yawa bango lafiya lau, sukuru lafiya lau, amma zoben da ke jikin firam da 'yar ƙaramar ƙusa aka maƙala shi, ko kuma a jikin falankin nan na garin katako da aka matse, wanda ba ya riƙe sukuru, balle idan ya sha danshi. Zoben ya shiga cikin katakon firam na gaske.

Dabarar da muka fi so ita ce wadda kafintocin Turai ke dangantawa da Faransawa, kuma kowane kafinta a unguwarku zai iya yi muku ita da ragowar katako. A sami katako mai kauri, tsawonsa ya ɗan gaza faɗin madubin, a tsaga shi biyu a tsaye da yankan karkace na digiri 45. Rabi ɗaya a ɗaure shi a bango da sukuru uku ko huɗu, bakin yankan yana kallon sama, gangarensa ya nufi bango. Ɗaya rabin a ɗaure shi a bayan firam yana kallon ƙasa. Idan aka ɗora madubin, na sama sai ya zame ya shige bayan na ƙasa. Nauyin da kansa shi ke ƙara matse shi da bango, kuma tunda katakon dogo ne, kuna da 'yancin zaɓar wuraren da bango ya fi tauri ku sa sukuru. Da wannan muka kafa wa amaryarmu sabon madubi, wanda mu muka haɗa kuɗi muka saya, ba sai an faɗa ba.

Ga waɗanda gidansu ginin ƙasa ne, fisha ba ta da abin da za ta matsa, ko da an shafe bangon da siminti. Mafita ita ce a bar ƙasa ta ɗauki nauyin. A tsayar da madubin a daɓe ko a kan tebur mai ƙarfi, a jingina shi kaɗan, a tokare gindinsa kada ya zame, sannan a ɗaure samansa a wani abu tabbatacce kamar azara, don kada yaro ya jawo shi kansa. A shagunan aski da na tela da aka raba da falanki kuma, a nemo katakon da ke bayan falankin a sa sukuru a nan.

Maganar huda bango ba a yin ta ba tare da maganar wuta ba. Wayoyin da aka binne suna ɗauke da ƙarfin lantarki na bolt 230, wanda ya isa ya kashe mutum. Bisa ƙa'ida, daga makunni ko soket waya takan tafi sama tsaye, ko ƙasa, ko gefe a miƙe, don haka kada a huda a kan waɗannan layuka, ko dab da kusurwar ɗaki, ko dab da silin. Amma ba kowane mai haɗa wuta ne ya bi ƙa'ida ba, wani yakan yanke hanya a karkace don ya rage bututu. Idan wanda ya yi aikin yana kusa, a tambaye shi. A kashe wutar ɗakin daga babban makunni. Kada a ce ai an ɗauke wuta, domin ba ta sallama idan za ta dawo, ga kuma gidajen da ke da sola ko janareta. A banɗaki a ƙara da tunanin bututun ruwa. Injin huda bango kuwa babba ne zai riƙe, da tabarau a idonsa. Naku shi ne awo da lissafi da sa ido, kuma wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Wajen awo, kada ku auna daga ƙasa ku ce kun daidaita, daɓen ɗaki ba kasafai yake zama daidai ba. Ku ari dabarar magina: siririn tiyo mai haske, a zuba masa ruwa, a ɗaga bakunansa biyu a jikin bango. Saman ruwan da ke wannan baki da na wancan dole su zama a tsayi ɗaya, sai ku sa alama da fensir. Tazarar zobba biyun kuma, ku shimfiɗa takarda a bayan madubin ku huda ta a daidai kowane zobe, sannan ku kai takardar bango.

Kafin gilashi ya hau, a yi gwaji. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka jarka mai lita 25 idan ta cika ta ɗan wuce kilo 25. Idan sukuru biyu za su raba kilo 18, kowanne kilo 9 zai ɗauka, to ku rataya wa kowanne ninkin haka, wato jarka da ruwa lita 18. Ku ɗaure ta da igiya yadda za ta tashi daga ƙasa da ɗan yatsa biyu kawai, don ko ta faɗo ba za ta ji wa kowa ba. Ku bar ta awa ɗaya. Idan sukurun ya sunkuya ko kun ga gari a ƙasansa, kun tsira da madubinku. Wajen ɗauka, mutum biyu, da takalmi a ƙafa, madubin a tsaye ba a kwance ba, domin gilashi a kwance yana iya karyewa da nauyin kansa. A manna guntun tsohon silifa a kusurwoyin ƙasa ta baya, iska ta riƙa ratsawa, don danshin bango shi ke cin azurfar da ke bayan gilashi har baƙaƙen tabo su fito. Kuma ko an kafa shi da kyau, ba a sa shi a saman gado, ko inda yara ke kwana, ko bayan ƙofa.

Wani abin dariya da muka tuna bayan an gama komai: amaryar ba ta ma buƙatar madubi mai wannan girman. Dokar haske ta nuna cewa madubin da ya kai rabin tsayin mutum ya isa ya ga kansa daga ɗankwali har takalmi, komai kusancinsa ko nisansa. Mai tsayin santimita 160, wadda idonta ke kan 150, madubi mai santimita 80 ya wadace ta, in dai gindinsa yana santimita 75 daga ƙasa. Mun faɗa wa Gwaggo haka, ta ce mu riƙe bokonmu, ɗakin amarya ba ajin makaranta ba ne.

Ga aikin gida. Wani mai shagon aski ya sayi madubi mai tsayin santimita 180, faɗi 90, kauri milimita 6, firam ɗinsa kilo 8. An ɗaura masa waya a baya, ta yi kusurwar digiri 15 da layin kwance. Ku nemo nauyin madubin duka, da jan da ke cikin wayar, sannan ku faɗa mana shawarar da za ku ba shi a jimla biyu. Za mu kawo amsar a mako mai zuwa.